Na'ura a Gaban Wanda Bai San Baƙi Ba: Taimako ko Ruɗi?

Daga cikin maganganun da suka zama ruwan dare a bakin masu harkar ilimi a wannan zamani akwai cewa na'ura tana jawo hankalin ɗalibi. Ana faɗin haka a tarurrukan ƙara wa juna sani, ana rubuta shi a takardun neman tallafi, har 'yan siyasa ma sun hardace shi, suna karanto shi duk ranar da za a raba kwamfutoci a gaban 'yan jarida. Idan aka zo kan koyar da Turanci kuwa, sai maganar ta ƙara armashi, musamman game da ɗalibin da ƙafarsa ba ta tsaya a karatu da rubutu ba. Akan ce wai da zarar an ajiye masa allon gilashi a gabansa, ya ga hoto yana motsi, ya ji murya tana kiran sunan abu, to gyangyaɗi ya ƙare, gudun makaranta ya ƙare. Mu ba mu musa cewa hankalin yana jawuwa ba. Abin da muke son mu tsaya a kansa a wannan maƙala shi ne wata tambaya ta ɗa'a da ba a cika yi ba: idan muka jawo hankalin mutum, ina muka kai shi? Kuma wane haƙƙi ne ya hau kanmu a kan wanda ya miƙa mana hankalinsa da lokacinsa, alhali ba shi da hanyar da zai gane ko mun cuce shi?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace ɗalibin da muke magana a kai. Ba ɗan jami'ar da ke neman gyara lafazinsa muke nufi ba. Muna nufin yaron da ya tashi a Sabon Ibadan ko Agege, wanda ke jin Hausa a gida, Yarabanci a bakin titi, sa'an nan ya shiga aji a tare shi da Turanci, har ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali a ko ɗaya daga cikin harsunan uku ba. Muna nufin magidancin da ke gadi ko ɗinkin takalmi a Ikko, wanda ya yanke shawarar shiga ajin dare bayan furfura ta fara leƙo masa. Irin waɗannan suna da 'yan'uwa a wasu ƙasashe, kamar 'yan gudun hijirar Somaliya da suka sauka a jihar Minesota ta Amurka, da yawansu yaƙi ya hana su zama a aji. Matsalarsu ta sa a shekarar 2005 masana suka taru a birnin Tilbag na ƙasar Holan, suka kafa dandali na musamman don nazarin yadda babban da ba shi da karatu yake koyon harshe na biyu. Dukansu kaya biyu aka ɗora musu a lokaci guda: su koyi harshen da ba su ji, kuma su koyi sirrin rubutu ta cikin wannan harshen da ba su ji.

A nan dole mu yi wata 'yar togaciya. Da yawa daga cikin waɗanda ake rubuta wa "bai yi karatu ba" a rajistar makaranta sun wanke allo ba adadi, sun wuce babbaƙu da farfaru, wasu suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Wanda ya san cewa alama a kan allo tana wakiltar sauti a baki ya riga ya haye babban kogi, ko da kuwa daga dama yake farawa. Malamin da ya haɗa shi a kwando ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya tauye shi tun kafin a fara darasi, kuma babu wata manhaja da aka ƙera a ƙasar waje da za ta tambaye shi wannan tarihin.

Shi kuwa wanda bai taɓa karatu ba sam, wahalarsa ta fi yadda mu da muka saba da takarda muke zato. A shekarar 1979 wani masani mai suna José Morais da abokan aikinsa suka yi wani gwaji a ƙasar Fotugal. Sun nemi manyan da ba su iya karatu ba da su cire sautin farko daga kalma, ko su ƙara mata wani, kamar a ce wa Bahaushe ya cire sautin farko daga "gado" ya bar "ado". Yawancinsu suka kasa, alhali takwarorinsu da suka koyi karatu da girmansu suna iya yi. Ashe dai jin cewa kalma tana rarrabuwa zuwa ƙananan sautuka ba abu ne da ake haihuwar mutum da shi ba. Haruffa ne suke koya wa kunne wannan. Daga baya Elaine Tarone da Martha Bigelow da Kit Hansen suka yi nazari a kan matasan Somaliya a Minesota, suka wallafa shi a 2009, inda suka nuna cewa idan aka gyara wa mai koyo jimla ta hanyar maimaita masa ita daidai, mai ƙarancin karatu ya fi shan wahala wajen lura da abin da aka canja. Wato rashin karatu yana taɓa har koyon magana.

Daɗin daɗawa, Turanci ba shi da tausayi ga sabon shiga. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa sun kai kimanin 44. A rubutun Hausa na boko, idan ka san harafi ka kusa sanin furucinsa. A Turanci harafin "c" yana da murya ɗaya a cat, wata daban a city, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta yi daidai da tasa ta "ciki". Akwai "k" a farkon knife da ba a furta shi. Ga kuma cunkoson baƙaƙe da bakin Bahaushe ba ya so, wanda ya sa kakanninmu suka mai da bread burodi, suka mai da bench benci. Mutumin da ke fama da wannan duka, idan ya yi shiru a aji, ba daƙiƙanci ne ke damunsa ba. Nauyi ne ya yi masa yawa.

To a nan ne na'ura take da alheri na gaskiya, kuma zalunci ne mu ɓoye shi. Babbar baiwarta ita ce ba ta gajiya, ba ta tsaki, ba ta dariya. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin manya ya san cewa babban abokin gabar karatu a can shi ne kunya. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba su ce gemu ba ya jin nauyi ba. Dattijon da ake durƙusa wa a gida, wanda ke raba gardama a unguwa, ga shi yau a gaban wani saurayi sa'an ɗansa yana kakkaɓin harafi, yana cewa "fen" a maimakon pen. Zai tambaya sau ɗaya, watakila sau biyu. A karo na uku sai ya gyaɗa kai alamar ya gane, don ya tsira da mutuncinsa, daga nan kuma sai a neme shi a rasa. Amma idan aka ba shi waya da abin saƙalawa a kunne, zai danna kalma ɗaya sau arba'in, babu wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa. Zai iya ɗaukar muryarsa, ya saurara, ya gwada ta da ta mai harshen, ya goge, ya sake. Na'urar ta rufa masa asiri, kuma rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne a wurin wanda girma ya kama.

Alheri na biyu shi ne tana iya haɗa abubuwa uku da takarda ba ta iya haɗawa: siffar harafi, da sautinsa, da hoton abin da ake nufi, duka a ƙiftawar ido ɗaya. Littafi bebe ne a hannun wanda bai iya karatu ba. Sai an sami wani ya zauna kusa da shi kafin ya yi magana. A ajin da malami ɗaya ke riƙe da yara tamanin, yaushe zai zauna kusa da kowa? Haka kuma malami mai dabara yana iya tura ɗalibansa da kyamarar waya su ɗauko hoton rumfarsu, ko tashar da suke hawa mota, ko allon sanarwar asibiti, a haska a bango, su faɗi abin da suka gani, shi kuma ya rubuta maganarsu a gabansu, ta zama ita ce littafin karatun ranar. Mutumin da ya ga maganar bakinsa ta koma rubutu, ya kuma karanta ta, ya ɗanɗani wani abu da ba zai manta ba.

Sai dai kuma, inda alherin yake, nan haɗarin ya kwanta. Masanin falsafar nan na Girka, Aflatun, ya kawo wani labari ta bakin malaminsa Sukurat, cewa wanda ya ƙago rubutu ya kai wa wani sarkin Masar, yana alfahari da cewa ya samo maganin mantuwa. Sarkin ya ƙi yabawa. A ganinsa mutane za su dogara da alamomin da ke waje da su, su daina wahalar riƙe abu a ƙirji, su riƙa kama da masu sani alhali ba su sani ba. Tarihi ya nuna cewa sarkin bai hango duk alherin rubutu ba, kuma abin ban dariya shi ne ta hanyar rubutu ne ƙorafin nasa ya iso gare mu. Amma ya gano wata ƙa'ida da ba ta tsufa: duk kayan aikin da ya ɗauke maka wani nauyi, yana iya ɗauke maka har da ƙarfin ɗaukar nauyin. Idan nauyin na ɗibar ruwa ne, to madalla da famfo. Idan kuwa nauyin shi ne ainihin abin da ka zo koya, to wanda ya ɗauke maka shi ya sallame ka hannu wofi, ko da kana yi masa godiya.

Mu dubi yadda wannan yake faruwa a aji. Manhaja ta nuna hotuna huɗu da kalma ɗaya a ƙasa, murya ta karanta kalmar, yaro ya taɓa hoton akuya, sai taurari su tarwatse a allo, a buga masa tafi. Ya yi murna, malami ya yi murna, baƙon da ya zo duba aiki ya ɗauki hoto. Amma a ina idon yaron ya sauka a kan haruffa? Kunnensa ne ya yi aikin, idonsa yana kan akuya. Yara kuwa ba su da wauta. Cikin kwana biyu za su gano hanya mafi sauƙi ta samun taurari, ko da ta hanyar danna kowane hoto ne har a dace. Bayan zango guda sai a ga yaro ya haye mataki talatin a cikin na'ura, a miƙa masa kalmar nan a rubuce a takarda, ya yi ta kallonta kamar baƙuwa. Hankalinsa ya jawu, babu shakka, kamar yadda hankalin ɗan kallo yake jawuwa a gidan dambe, ya dawo gida bai koyi naushi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan ba hasashe ne kawai ba. A shekarar 2005 Nicholas Negroponte ya shelanta shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka mai arha, da burin ta tsaya a kan dala 100. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada shi, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ce ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar, har an ɗan ga ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a karatun harshe da lissafi babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Ko da yake ba Turanci ake koya a can ba, darasin ya shafe mu kai tsaye.

Sai mu ajiye wannan kusa da abin da ya faru a maƙwabtanmu. A shekarun 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, an gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji ta Katolika, Jenny Aker da abokan aikinta kuma suka auna sakamako. Duk azuzuwan suna da malami da allo da alli. A wasu ƙauyukan sai aka ƙara abu ɗaya: aka koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar wayar salula, irin mai maɓallai, wadda ba ta da hoto mai motsi balle tafi. Waɗanda aka ba wayar suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan rufe aji. Me ya sa ƙaramar waya ta yi abin da kwamfuta mai tsada ta kasa? A fahimtarmu, saboda wayar tana tilasta wa mai ita ya nemi harafi. Idan yana son aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo mai arha, ko ya tambayi farashin gero a wata kasuwa, dole ya lalubo baƙi, ya lalubo wasali, ya haɗa. Buƙatar tasa ce, kuma hanyar biyanta ta ratsa ta cikin rubutu. Haka nan darussan Turanci ta rediyo da aka gwada a azuzuwan farko na firamare a Kenya a farkon shekarun 1980: rediyon yakan yi tambaya ya yi shiru, yara su amsa da baki, malami yana tsaye yana nuna allo. Shirun nan yana cikin darasin.

Saboda haka ba tsada ko ƙyalƙyali ne ke raba na'ura da na'ura ba. Akwai wadda ke tura ɗalibi zuwa ga harafi, akwai wadda ke zagaye da shi ta bayan harafi. Kuma abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a yau shi ne waya ɗaya tana iya yin duka biyun, ta biyun kuma ta fi daɗi. Magidancin da a da dole ya nemi wanda zai rubuta masa wasiƙa, yanzu saƙon murya yake turawa ta WhatsApp, ya gama cinikin tirelar albasa bai rubuta harafi ɗaya ba. Yana iya nuna wa wayar takardar Turanci ta karanta masa da murya.

Wannan ya kawo mu ga hujja mafi ƙarfi da za a iya kafa mana, kuma bai kamata mu wuce ta da gaggawa ba. Wani zai ce: to mene ne laifi? Idan waya za ta karanta wa tsohuwa takardar magani, me ya sa za mu azabtar da ita da haruffan da ba su da tsari? Ai makaho ma sanda muke ba shi, ba ma cewa sai ya koyi gani. Ashe ba son kai ne irin na 'yan boko ba, mu ce kowa sai ya bi ta ƙofar da muka bi? Akwai gaskiya a cikin wannan. Ba mu ga laifin wanda ya ba tsohuwa abin da zai hana ta shan magani fiye da kima ba. Ya yi aikin lada. Babba kuma yana da 'yancin ya ce abin da yake so shi ne ya iya magana da likita da ɗan sanda, rubutu kuwa ya bar wa jikoki. Wa ya isa ya hana shi?

Amma misalin makaho bai zauna daidai ba, domin wanda bai iya karatu ba idonsa lafiya lau. Abin da ya rasa abu ne da ake iya ba shi cikin watanni idan an bi hanya. Kuma mu tuna me ya kawo shi aji. Wanda ya rufe rumfarsa da wuri, ya haƙura da cinikin magariba, ya zo ya zauna a benci, ya zo ne don ya daina dogara da wani. Ya gaji da kai wa ɗan maƙwabci takardarsa ta asibiti, sirrinsa ya zama labarin unguwa. Ya gaji da dangwala yatsa a takardar haya da bai san abin da ta ƙunsa ba. Idan muka sallame shi da na'urar da za ta riƙa karanta masa, mun canja masa ubangida ne kawai: daga ɗan maƙwabci zuwa wani kamfani da bai san inda yake ba, wanda hidimarsa ke buƙatar caji da kuɗin data, wanda kuma idan ya karanta masa ba daidai ba babu yadda zai gane. Ranar da batir ya mutu a gaban kantar banki, ko ranar jarrabawa da ake karɓe wayoyi a ƙofa, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. A ganinmu laifin ba ya cikin ba shi sandar. Yana cikin barinsa ya zaci ƙafarsa ta warke. Babba yana da ikon ya zaɓi sanda, amma sai an gaya masa gaskiya cewa sanda ce. Yaro kuwa ba ya cikin wannan zaɓin ko kaɗan, domin bai san abin da zai rasa ba, mu ne muka sani, kuma a hannunmu aka ba da amanarsa.

Akwai kuma tambayar wa na'ura ta fi amfana. A tsakiyar shekarar 2024 an yi wani gwaji a Birnin Benin na jihar Edo tare da Bankin Duniya, inda ɗaliban ajin farko na babbar sakandare suka yi makonni shida suna koyon Turanci bayan tashi daga makaranta da taimakon ƙirƙirarriyar basira, malamai suna lura da su. An samu ci gaba mai ma'ana, kuma abin farin ciki ne. Sai dai rahoton ya nuna cewa waɗanda dama suke da ƙoƙari suna cikin waɗanda suka fi cin moriya. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da hira da irin wannan na'ura a rubuce aka yi ta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan ba a yi hattara ba, kayan da aka sayo da sunan ɗaga na ƙasa su ne za su ƙara wa na sama tsawo, a bar ɗalibinmu a bayan aji yana kallon hotuna.

Ruwan cikin nan kuwa, ga mai koyon Turanci, shi ne iya karatu da harshen da yake ji. Wanda ya koyi haɗa "ba" da "ki" ya ji "baki" ya faɗo daga bakinsa, ya gane ma'anarsa nan take, ya gano sirrin rubutu sau ɗaya, kuma ba zai sake biyan kuɗin wannan sirrin ba idan ya juya ga Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatu da harshen uwa ko na yankin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita shi zuwa dukan shekarun firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, a koma ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mai karatu game da wannan kai-komo, sakamakonsa ga batunmu a fili yake: yawan yaran da za su haɗu da harafi a karon farko cikin harshen da ba su ji zai ƙaru, kuma za a ƙara kiran na'ura ta zo ta cike giɓin. Mafi yawan manhajojin da ke kasuwa kuwa an tsara su ne don yaron da ya riga ya ji Turanci a gida, ko babban da ya riga ya iya karatu da nasa harshen. Hatta umarnin da ke gaya wa ɗalibi inda zai danna, a rubuce yake da Turanci.

Ba za mu daɗe a kan maganar kuɗi da wutar lantarki ba, domin kowa ya san ta. Ya isa mu ce kowace naira da aka kashe a kan allon gilashi an hana ta wani abu ne: littafin karatu da yaro zai tafi da shi gida, ko horar da malami, ko rufin aji. Hukumar UNESCO ma, a rahotonta na 2023 kan fasaha a harkar ilimi, ta yi kashedin cewa hujjoji masu ƙarfi kan amfanin waɗannan kayayyaki ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake da su daga wurin masu sayarwa suka fito.

Saura malami. Jihohin Edo daga 2018 da Legas daga 2019 sun bi wata hanya dabam, suka damƙa kwamfutar hannu ga malamin maimakon ɗalibi, tana ɗauke da darasin ranar daki-daki, tana kuma shaida ko ya zo aiki. Ana iya gardama a kan ko wannan yana ɗaga malami ko yana mai da shi mai karanto rubutun wani, amma aƙalla ya yarda da cewa ta hannun mutum darasi yake bi. Domin akwai abubuwan da har yanzu sai mutum. Na'ura tana iya ƙirga sau nawa ɗalibi ya kuskure, amma malami ne zai lura cewa wannan yarinyar tana juya "b" da "d", wancan dattijon kuma yana fara layi daga dama saboda allon da ya saba da shi, wancan kuwa ba ya ganin allo ne sam, tabarau yake buƙata. Malami ne zai san lokacin da ya dace a kashe muryar na'urar a bar ɗalibi shi kaɗai da kalma, ya yi gumi, ya yi kuskure, ya sake. Wannan lokacin ba shi da daɗi, ba a ɗaukarsa hoto, kuma duk manhajar da ribarta ke cikin daɗewar mutum a kanta ba za ta so ya zo ba. A makarantar allo an san wannan tun da daɗewa: ana rubuta wa yaro, a biya masa, amma ba a wanke allon sai ya karanta da kansa malam yana saurare.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su tsaya a gaban aji nan ba da daɗewa ba, wasu a lokacin koyon aikin koyarwa, wasu a shekarar bautar ƙasa, wasu kuma a ajin dare na unguwa inda za a nemi ɗan jami'a ya taimaka. Mai yiwuwa a miƙa musu kwalin kwamfutoci, a kuma nemi su riƙa aika rahoto: yara nawa suka halarta, minti nawa suka yi a kan na'ura, mataki nawa suka haye. Waɗannan alƙaluma za su yi kyau, domin an ƙera na'urar ne don su yi kyau. Abin da muke roƙo shi ne su ƙara wani gwaji da ba a nema ba. A ƙarshen kowane wata a kife na'urorin a kan tebur, a kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba, a ba kowa gajeruwar takarda da bai taɓa gani ba, mai kalmomin da aka gina da haruffan da aka koya masa, babu hoto, babu murya. A rubuta sunan wanda ya karanta da wanda ya kasa. Wanda ya kasa, idan babba ne, a gaya masa a asirce inda yake, a tambaye shi ko yana son a koma da shi kan baƙi da wasali da Hausa tukuna. Idan yaro ne, a koma da shi ba tare da an tambaye shi ba, a kuma sanar da iyayensa. Adadin da aka samu a wannan gwaji shi ma a sa shi a cikin rahoton, a layi ɗaya da mintocin, ko da wanda zai karɓi rahoton bai ji daɗinsa ba.